Gidan agashe a yammacin Gash: nama mai kyau da rumfar da aka yarda a yi musu a cikinta

A yammacin kogin Gash, idan mutum ya tsallaka gada daga tsakiyar birnin Kasala da ke gabashin Sudan ya nufi unguwannin da Hausawa suka fi yawa, akwai wani gidan agashe wanda ba shi da allon suna a ƙofa, ba a kuma gane shi sai da hayaƙin da ke tashi daga bayan katangarsa tun bayan sallar la'asar, da jerin babura masu ƙafa uku, waɗanda ake kira raksha, da ke tsayawa a gabansa. Mai gidan dattijo ne, mahauci ɗan mahauci, kuma kowa Baba yake ce masa, har waɗanda suka girme shi. Abu biyu ne suke kawo mutane wurin. Akwai naman, wanda a ganina yana cikin mafi kyau a wannan ɓangare na gari, sannan akwai wata rumfa a bayan gidan inda aka yarda mutum ya faɗi ra'ayinsa game da siyasar ƙasa da yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 tsakanin sojan Sudan da rundunar ko-ta-kwana ta RSF, a daidai lokacin da masu shayi da masu gidajen abinci da dama suka hana wannan hira kwata-kwata, wasu ma har da rubutacciyar sanarwa a bango.

Yaran Baba suna yanka tsokar saniya fale-fale, su zare jijiyar, su soka ta a tsinke, sannan su mulmula ta cikin garin soyayyar gyaɗa da aka haɗa da citta da barkono da masoro da kanumfari da gishiri, a ƙarshe su yayyafa mata man gyaɗa. Ba a ɗora tsinken a kan raga bisa garwashi yadda masu gaggawa suke yi a bakin titi. Ana kafa shi ne a tsaye a jikin tukubar yashi, a kewaye wutar da shi, yaro ɗaya yana zagayawa yana juya kowane tsinke da yatsa biyu, ta yadda zafi ne yake dafa naman, harshen wuta bai taɓa shi ba. Amfanin wannan haƙuri yana fitowa a baki, domin garin gyaɗar ba ya ƙonewa balle ya yi ɗaci, sai dai ya riƙe jikin naman ya yi ja, cikin kuma ya kasance da taushi da ruwa-ruwa. Ana zare shi a kan babban tire, a barbaɗa ƙarin yaji, a zuba yankakkiyar albasa da lemun tsami, a kawo burodi mai zafi daga gidan burodin da ke maƙwabtaka.

Agashen saniya shi ne gwanintar gidan, kuma shi nake ba kowa shawarar ya fara da shi. Na rago yana da daɗi amma yakan yi maiƙo fiye da kima. Na kaza yana da kyau idan an same shi da wuri, idan kuwa dare ya yi sai a tarar ya bushe saboda daɗewa a gefen wuta. Kifi kuma sai an yi hattara: Gash kogi ne da ba ya gudu sai da damina, saboda haka kifin Kasala daga madatsar ruwa ta Khashm al-Girba ake kawo shi, kuma ranar da mota ba ta iso ba, wanda ke cikin ƙanƙara tun jiya ake gasawa. Yaran ba sa ɓoyewa idan an tambaye su, amma ba sa faɗa wa wanda bai tambaya ba. Salat kuwa, naman da mutanen Beja suke gasawa a kan duwatsu masu zafi, ba a yin sa a nan, kuma idan baƙo ya nema Baba yakan kwatanta masa inda masu shi suke a cikin kasuwa, ya ce su suka fi iyawa.

Salatin tumatir da dakwa, wato niƙaƙƙiyar gyaɗa, yana da kyau, haka ma shatta, wato haɗin barkono mai lemun tsami. Godogodon gero da nono daga cikin gida matan Baba suke aiko da shi, kuma yakan ƙare kafin magariba. Akwai zoɓo da tsamiya da ruwan kuka, duka da sanyi matsakaici, gwargwadon yadda wutar lantarki ta zauna a ranar. A kusurwar tsakar gidan wata mata ce da yaƙi ya koro daga Wad Madani take da murhun jabana. A gaban mutum take soya 'ya'yan kofi, ta daka su da citta a ƙaramin turmi, ta dafa a tulun yumɓu mai dogon wuya, ta toshe bakinsa da zaren kaba don tacewa, ta kawo da ƙananan kofuna da gugguru da kaskon turaren wuta. Kofinta kaɗai ya isa dalilin tsallaka gada.

Farashin ya ɗan ɗara na bakin titi, kuma da alli ake rubuta shi a jikin ƙofa domin ba ya zama wuri ɗaya. Kafin Afrilun 2023 dala ɗaya wajen fam 600 na Sudan take, yanzu kuwa ta haura fam 2000 da nisa, kuma kowane motsi nata sai ya bayyana a farashin dabba da gawayi da man gyaɗa. Yawancin mutane da manhajar banki ta Bankak suke biya, musamman tun da aka canza manyan takardun kuɗi a ƙarshen 2024 tsabar kuɗi ta yi wuya a hannu. Idan layin waya ya ɗauke sai a taru a bakin teburin biya ana ɗaga wayoyi sama. Wanda aka sani a rubuta shi a littafin bashi ya tafi, baƙo kuwa sai ya jira.

Gidan yana da aibobinsa, kuma ba ƙanana ba ne. Idan iska ta juya, hayaƙin tukuba yakan cika rumfar gaba har idanu su yi ja. Bencinan katako ne marasa majingina, dattijo ba ya iya daɗewa a kansu. Buta biyu ce kawai ta wanke hannu, sabulun kuma sau da yawa sai an nema. Mutum ɗaya ne yake zare nama yana rabawa, saboda haka tsakanin magariba da isha'i jira yakan yi tsawo, kuma ba abin mamaki ba ne a kawo maka kaza alhali saniya ka ce.

Rumfar gaba ta kowa ce, kuma a cikinta ba a maganar siyasa, sai ta ƙwallo da farashin albasa da labarin wanda ya dawo daga Jidda. Rumfar baya ƙarama ce, tabarmi ne a shimfiɗe a ƙasa, ba ta ɗaukar fiye da tire huɗu ko biyar. Abin da ya sa Baba ya ware ta, kamar yadda masu zuwa wurin tun da daɗewa suke faɗa, shi ne da farkon yaƙi shi ma hana hirar ya yi, sai ya lura abokan cinikinsa sun rabu gida biyu, waɗannan suna zuwa da la'asar, waɗancan sai bayan isha'i, don kada su haɗu. Mutanen da suka yi makarantar allo tare, suka auri 'yan'uwan juna, sun koma gaisuwar nesa. Dabarar tasa ta ɗan kasuwa ce kafin ta zama ta mai sulhu, kuma ban ga laifin hakan ba.

Dattawan rumfar suna son tuna wa matasa cewa Sudan ta san zaman adawa ba tare da gaba ba. Sukan kawo misalin Hasan al-Turabi, jagoran masu ra'ayin Musulunci a siyasa, wanda matarsa Wisal ƙanwar Sadiƙ al-Mahdi ce, shugaban jam'iyyar Umma, wato mutumin da juyin mulkin 30 ga Yunin 1989 da ɓangaren Turabi ya kitsa ya kifar da gwamnatinsa. Sukan kuma nuna gindin duwatsun Taka, inda cibiyar ɗariƙar Khatmiyya take, su ce mabiyanta sun shafe shekaru suna hamayya da Ansar, mabiya Mahadi, a akwatin zaɓe amma ba a taɓa rasa su a zaman makokin juna ba. Akwai gaskiya a wannan, sai dai ba duka ba ce, domin ladabin da manyan Khartum suke yi wa juna bai hana yaƙin Kudu ba, wanda ya kai ga rabuwar ƙasa a 2011, bai kuma hana abin da ya faru a Darfur tun daga 2003 ba. Abin da ya canza shi ne yanzu rabuwar ta shigo cikin gida, ta zauna tsakanin wa da ƙane.

Masu rinjaye a rumfar su ne magoya bayan soja, kuma da yawansu ba ra'ayi ne ya kai su can ba, abin da suka gani ne. Akwai waɗanda suka baro Wad Madani a Disambar 2023 lokacin da dakarun RSF suka shiga garin, akwai waɗanda suka baro Sinja da Dindir a tsakiyar 2024, akwai masu dangi a Wad al-Nura, inda aka kashe mutum sama da 100 a watan Yunin 2024. Hujjarsu a taƙaice take: ba a zaman sulhu da wanda yake kwance a ɗakinka, kuma sanarwar Jidda ta 11 ga Mayun 2023, wadda Saudiyya da Amurka suka shiga tsakani aka sanya wa hannu, ta yi maganar fita daga gidajen farar hula amma ba a fita ba. A ɗaya ɓangaren akwai masu cewa a tsayar da yaƙi, yawancinsu matasan da suka fita zanga-zangar Disambar 2018 wadda ta kai ga faɗuwar Umar al-Bashir a ranar 11 ga Afrilun 2019. Su kuma suna tunatarwa cewa gwamnatin Bashir ce ta kafa RSF a 2013, majalisarta ta yi mata doka a 2017, cewa a ƙofar hedikwatar soja aka tarwatsa masu zaman dirshan ranar 3 ga Yunin 2019, kuma Janar Burhan, shugaban soja, da Hemedti, shugaban RSF, tare suka kifar da gwamnatin firaminista Abdalla Hamdok ranar 25 ga Oktoban 2021, kafin su saɓa a kan shigar da RSF cikin soja, Burhan yana cewa a yi shi cikin shekara 2, Hemedti yana cewa 10. Inda ake kama masu cewa a tsayar da yaƙi shi ne takardar da Hamdok ya sanya wa hannu tare da Hemedti a Addis Ababa a Janairun 2024, da kuma yadda ƙawancen farar hula na Taƙaddum, wanda Hamdok ya jagoranta, ya tsage a Fabrairun 2025, wani ɓangarensa ya tafi Nairobi kafa gwamnati da RSF. Akwai kuma tsofaffin 'yan jam'iyyar Bashir biyu ko uku, waɗanda ba su cika magana ba sai an taɓo shekaru 30 na mulkinsa.

Yadda Baba yake riƙe waɗannan mutane a tabarma ɗaya shi ne ainihin abin dubawa. Abu na farko, ba mutum ne yake zaɓar abokan cinsa ba. Yaran gidan suna zaunar da mutane bisa yadda suka iso, biyar ko shida a tire ɗaya, saboda haka wanda ɗansa yake cikin 'yan sa-kai na soja yakan tsinci kansa yana miƙa lemun tsami ga wanda ya yi zaman dirshan a Khartum. An kuma hana laƙabin da suka cika Facebook da WhatsApp. Ba a ce wa kowa kozi ko fulul, wato ɗan tsohuwar gwamnati, ba a ce masa gahati, wato ɗan ƙawancen farar hula, ba a ce masa balabusi, wato mai kiran a ci gaba da yaƙi, balle a kira shi da'ami, wato mai goyon bayan RSF. Wayoyi kuwa a aljihu suke zama, kuma wannan ce dokar da na fi ganin amfaninta. Ba a nuna bidiyo, ba a kunna saƙon murya. Wanda zai ba da labari sai ya faɗi ko da idonsa ya gani, ko kuwa wane ne ya gaya masa, a wane gari, a wane wata. Rabin labaran da ke tayar da jijiyar wuya a wasu wurare ba sa iya tsallake wannan tambaya, sai mai su ya ce a waya ya gani, a yi dariya a wuce.

Jabana ce take auna lokaci. Wanda aka zuba wa kofi shi yake da magana har ya ajiye kofin, kuma kofin ƙarami ne, saboda haka mai dogon jawabi sai ya sha nasa da sanyi. Zagaye uku ake yi, da an kira isha'i kuma hira ta ƙare, a tashi a yi sahu a ƙofar gida.

Wani maraice na zauna a tire ɗaya da wani malamin makaranta da ya gudo daga Sinja da wani saurayi mai aikin sa-kai a takiyya, wato ɗakin girkin da ake ciyar da 'yan gudun hijira kyauta. Malamin ya ba da labarin yadda suka bi ta Dindir zuwa Gadarif a cikin damina, mahaifiyarsa a kan amalanken jaki, laka tana kama ƙafa, da yadda aka karɓe masa waya da kuɗi da takalmi a wani shinge. Bai ɗaga murya ba, yana magana yana gutsurar burodi, ya ƙare da cewa duk wanda ya ce ɓangarorin biyu ɗaya ne, to bai taka wannan hanya ba. Da aka zuba wa saurayin, sai ya ce: "Kawu, ban musa ko kalma ɗaya ba, Allah ya mayar maka da alheri. Amma wa ya ba su bindigar tun farko? Kuma mutanen ƙauyen Tayba da aka kashe a Janairun 2025, lokacin da soja da masu mara masa baya suke komawa Jazira, su wa za su kai wa kuka?" Malamin ya ce masa: "Ɗana, a fara kashe wutar, sannan a nemi wanda ya kunna ta." Daga tiren da ke gefe wani ya yi ƙasa da murya ya ce ai maganar gahata ke nan. Baba, wanda yake tsaye a bakin rumfa da tsumma a kafaɗa, bai yi faɗa ba. Ya kira yaro ya ce a ɗebi rabon Alhaji a kai masa rumfar gaba, sannan ya ce: "Alhaji, yau can za ka ƙarasa, gobe kuma wurinka yana nan." Mutumin ya tashi yana gunaguni, aka ci gaba.

Malamin da saurayin ba su daidaita a ranar ba, kuma har yanzu ba su daidaita ba. Abin da na lura da shi a zaman da suka biyo baya ƙarami ne. Saurayin ya daina furta cewa ɓangarorin biyu ɗaya ne a gaban wanda aka wawashe gidansa, yana faɗin abin da yake nufi ta wata hanyar, malamin kuma ya daina cewa duk mai kiran a tsayar da yaƙi an biya shi ne daga waje. Wanda ya zo yana tsammanin ganin mutane suna sauya sheƙa zai koma da takaici. Abin da rumfar take iyawa shi ne ta sa mutum ya riƙa tace hujjarsa saboda ya san wanda zai amsa masa yana gabansa, hannunsu a tire ɗaya, kuma gobe ma za su haɗu. Hausawa sun ce zo mu zauna, zo mu saɓa, kuma a nan an karɓi saɓanin a matsayin kuɗin zaman.

Sai dai akwai rashin daidaito wanda dokokin Baba ba su isa su gyara ba. Kasala gari ne da yake hannun soja, cike da 'yan gudun hijira da jami'an tsaro, kuma kowa ya ji labarin abin da mutane suke kira dokar baƙuwar fuska, inda ake tsare mutum saboda kamanninsa ko garin da ya fito. A irin wannan yanayi mai goyon bayan soja yana magana da cikakken baki, mai cewa a tsayar da yaƙi kuwa sai ya auna kowace kalma, ya fara da la'antar RSF kafin ya isa ga abin da yake son faɗa, yana kuma duban wanda bai sani ba a tiren gefe. Ban taɓa jin wanda ya fito fili ya kare RSF a rumfar ba, kuma ba zan iya cewa rashinsa ne ko tsoro ne ba. Bayan hare-haren jirage marasa matuƙa a filin jirgin Kasala da kuma Port Sudan a watan Mayun 2025, Baba ya naɗe tabarmin rumfar baya na wani lokaci, kuma babu wanda ya tambaye shi dalili. Hana amfani da waya ma, ko da yake an ce don gudun jita-jita ne, kowa ya san yana kare mai magana daga a naɗi muryarsa.

Wuri na biyu da rumfar take da rauni shi ne inda kowa ya yarda da kowa. Da an taɓo rikicin jihar Blue Nile na 2022 sai bambancin ra'ayi ya ɓace. A watan Yulin shekarar, bayan Hausawan yankin sun nemi a ba su sarautar gargajiya tasu, shugabannin wasu ƙabilun yankin kuma suka ƙi saboda suna ganin sarauta tana tafe da haƙƙin mallakar ƙasa, faɗa ya ɓarke a wurare irin su Rusairis da Gaisan, aka kashe mutum sama da 100, sannan a watan Oktoba aka kashe sama da 200 a yankin Wad al-Mahi, dubban iyalai suka watse zuwa Sinnar da White Nile. Mutanen da kakanninsu suka biyo Muhammadu Bello Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903, ko suka zauna a hanyar aikin hajji tun kafin haka, suka sake jin ana ce musu baƙi. Ciwon na gaske ne, kuma ya bar wani ra'ayi mai ƙarfi a rumfar, na masu cewa Bahaushe ba shi da rabo a rigimar manya, domin a 2022 soja suna kan mulki, 'yan siyasar farar hula suna da bakin magana, amma jinin ya zuba. Abin da ba na ji shi ne ɗaya ɓangaren. Babu wanda yake tambayar abin da ya tsorata waɗancan ƙabilu bayan yarjejeniyar Juba ta Oktoban 2020 ta sauya ma'aunin iko a jihar, babu kuma wanda yake ambaton masu shagunan da aka ƙona a nan Kasala lokacin zanga-zangar Hausawa ta watan Yuli, wadda ta sa hukuma ta hana taruka. Da Hausa ake hira a rumfar baya, saboda haka maƙwabtanmu Hadandawa da Bani Amir da suke cin agashe a rumfar gaba ba sa shigowa, alhali su ma suna da nasu tarihin rabuwar kai, kamar rigimar naɗin gwamnan Kasala a 2020. Dokar da ta ce a faɗi abin da aka gani da ido tana aiki ne kawai idan masu idanun sun tsaya a wurare daban-daban, kuma a kan wannan batu duka a wuri ɗaya muka tsaya.

Mata kuma ba su da wurin zama. Suna aiko yara su saya musu nama a takarda, ko su tsaya a ƙofa. Mai jabana ita kaɗai ce mace da take jin duk abin da ake faɗa, ita ce kuma ta bar gida da shago a Wad Madani, ta yi watanni da 'ya'yanta a ajin wata makaranta da aka mayar matsugunin 'yan gudun hijira, amma kofin magana ba ya zuwa hannunta tunda ita take zubawa. Wata rana da musu ya yi zafi a kan wanda ya fara harbi ranar 15 ga Afrilun 2023, ta ce ba tare da ta ɗago kai daga murhu ba: "Yayyena, tun da na zo nan ban ji wanda ya tambayi ajin da 'ya'yanmu za su koma ba." Aka yi shiru kaɗan, wani ya ce gaskiya ne Hajiya, sannan aka koma kan wanda ya fara harbi. A yaƙin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce ya raba mutum sama da miliyan 12 da gidajensu, majalisar da ba ta da muryar uwa ta rasa babban ɓangare na labarin, kuma shimfiɗa tabarma ɗaya a kusa da murhun jabana ba zai ci wa Baba komai ba.

Duk da haka ina ba da shawarar zuwa, ga mai son nama da kuma mai son ya ji yadda hujjarsa take sauka a kunnen wanda bai yarda da ita ba. Mai zafin zuciya, ko wanda rashinsa bai huce ba, gara ya tsaya a rumfar gaba, naman ɗaya ne. Baƙo yana iya shiga ta baya, amma al'adar wurin ita ce a zuwan farko ya sha kofinsa ya saurara, kuma zai fi samun sakin fuska idan wani sananne ne ya kawo shi. Lokacin da ya fi dacewa shi ne tsakanin la'asar da magariba, sa'ad da agashen saniya yake sauka daga tukuba, godogodo bai ƙare ba, layin biya kuma bai yi tsawo ba. A riƙe 'yar tsabar kuɗi saboda mai jabana, domin ita ba ta karɓar biya ta waya. Ranar Juma'a ba a hura wuta sai bayan magariba, kuma a ranar rumfar gaba kaɗai ake buɗewa.